Robar Guguwa

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Ya kasuwa, ya kuma kunnen? Na kira ka sau uku ranar Juma'a, kana ta tambayar wa ke magana har na gaji na kashe. Shi ya sa na koma takarda. Direban da ke kai maka tukwane daga kamfaninmu ya ce zai riƙa kai mana duk lokacin da ya yi lodi. Mu nan lafiya, jikarka ta yi mura ta warke, uwarta na gaishe ku.

Kawu, wata biyar ke nan da ka samo mini aikin nan, kuma ban manta alherinka ba. Amma gaskiya na gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa. Injin matsa murfin tukunya yana nan yadda ka bar shi. Ka sa faifan ƙarfe, ka janye hannunka, ka danna maɓallai biyu da hannu biyu, ya sauko, ka cire murfin. Murfi dubu uku suke so kowane mutum ya buga kafin a tashi. Ni ban taɓa wuce dubu biyu da ɗari huɗu ba, alhali ko ruwa ba na tsayawa sha. Shekaranjiya foman ya miƙo mini takardar gargaɗi ta farko. Ka san ƙa'idar, ta uku ita ce ta sallama.

In an tashi, hannuwana zugi suke yi sai na tsoma su a bokitin ruwan sanyi. A sallah sai in tsinci kaina ina ƙirga murafe, in rasa raka'a ta nawa nake. Yanzu ba na wucewa gida kai tsaye, sai na zauna a bencin tashar mota kamar rabin awa, har ƙarar injin ta fita daga kaina. Na fara haka ne tun ranar da jikarka ta haɗa murfin tukwane biyu tana bugawa tana dariya, na daka mata tsawar da ta sa ta yi fitsari a tsaye. Har yau in na shigo bayan uwarta take ɓuya.

Hotonka na nan a bango kusa da agogo, an rubuta Guguwa a ƙarƙashinsa, da lamba dubu uku da ɗari biyu. Kullum a ƙarƙashinsa nake wucewa. Roƙona ɗaya ne. Foman abokinka ne, ka rubuto masa layi biyu ya mayar da ni sashen ɗaure kaya a kwali.

Ni ne ɗanka.

*

Zuwa ga Malam Ɗan Boko,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, Innarka na fama da gwiwa kamar kullum, kunne kuma yana nan inda injin ya bar shi. A shafa mini kan yarinya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda aka zalunce ka, ban samu ba. Ka gaji? To wa ya ce maka hutu aka kira ka? Shekara ashirin da ɗaya na yi a gaban injin nan, ba fanka, ba bokitin ruwan sanyi, ban taɓa zama a benci ina jiran kaina ya huce ba. Mu a zamaninmu in kai ya yi zafi sai mu ƙara sauri. Ku yaran yanzu komai sai kun ba shi suna. Gajiya ta zama ciwo, tsawar foman ta zama ciwo, gobe in takalmi ya matse ka shi ma sai ka rubuto mini.

Sashen kwali kake so. Can ake ajiye tsofaffi da masu ciwon baya. Na je da kaina na tsaya gaban foman ɗin nan na ce masa jinina ne, ya ɗauke ka ya bar mutum arba'in a bakin ƙofa riƙe da takardu. Yanzu in koma in ce jinin nawa ya tsinke, a ba shi kwali da gam? Ba da ni ba. Uwarka ce ta yi ta aiko mini, ga difloma ga zaman banza shekara uku, sai na ji kunya. Da na san raggo zan kai musu da na bar ka kana karatun jarida a ƙofar gida.

Hoton da kake wucewa ƙarƙashinsa ba sayensa na yi ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sauran da ke kai dubu uku, hannu huɗu gare su? Kowane aiki da dabararsa. Ka rage kuka, ka buɗe idonka ka ga yadda maza ke yi.

Kada ka sake rubuto mini zancen kwali.

Kawunka.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Inna sauƙin gwiwa. Mu ma lafiya, in ka cire ni.

Ka ce in buɗe ido, na buɗe. Na ga yadda maza ke yi. Kowannensu yana da guntun robar tayar keke a aljihu. Da foman ya juya baya, wanda da gangan yake juyawa, sai a ɗaure maɓallin dama da ita ya zauna a danne. Hagu ce kaɗai ke dannawa, dama tana cikin bakin injin tana sawa tana cirewa. Maɓallin da aka yi don hannu ya fita kafin ƙarfe ya sauko ya zama ado. Haka ake kai dubu uku, kuma ba wata hanya. Na tsaya na auna da agogo, Kawu, ni ɗan boko ne kamar yadda ka ce.

Ka san sunan robar? Robar Guguwa suke ce mata. Na zaci wasa ne, sai na tambayi Baba mai shara, tsohon da ya ce tare kuka shiga kamfanin. Ya ajiye tsintsiya ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ya ce kafin kai, dubu biyu da ɗari biyu ake nema, mutane na tashi da sauran ƙarfinsu. Kai ka fara ɗaure maɓalli, ka buga dubu uku da ɗari biyu, aka ɗauke ka hoto, aka yi maka tafi. Wata bai zagayo ba aka mayar da adadin kowa dubu uku. Ashe dutsen da nake ɗauka kullum kai ka ɗora shi, sannan ka zauna a inuwar rumfa kana ce mini raggo.

Ya kuma gaya mini abin da ya sa na kasa cin abinci ranar. Tun ina yaro ake ce mana sarƙar babur ce ta cinye maka yatsu biyu na dama. Baba ya ce injin na huɗu ne ya cinye su, shi ya wanke jinin da hannunsa. A kan na huɗu nake aiki.

Na karɓi gargaɗi na biyu ranar Laraba. Saura ɗaya. Ƙarshen wata mai zuwa mai binciken lafiyar ma'aikata zai zo, kuma mu bakwai mun shirya gaya masa adadin nan ba ya yiwuwa sai da roba. Amma ranar bincike kowa aljihu yake mayar da tasa, ba shaida. Maganarka ce kaɗai ba za su iya ƙaryatawa ba, tunda hotonka suke nuna mana. Ka rubuto yadda ka buga lambar nan, ka sa hannu.

Sannan ka amsa mini wannan ba kwana-kwana. Da ka ce in ga yadda maza ke yi, cewa ka yi in ɗaure maɓallin?

Ɗanka, in har yanzu ɗan ne.

*

Kai,

Lafiya muke, tunda al'ada ce a faɗa.

Ni za ka titsiye? Ni za ka aiko wa tambaya kamar alƙali? To bari ka ji, ni da uwarka ba ciki ɗaya muka fito ba, kakanni muka haɗa. Kawun da kake kira na ladabi ne, kuma tunda ladabin ya ƙare sai ka nemi wani sunan. Na yi maka abin da ƙannen uwarka na jini ba su yi maka ba, sakayyar ita ce ka je ka zauna da mai shara kuna tona ni. Mutumin da ya shekara talatin bai wuce tsintsiya ba, me zai faɗa a kan wanda ya wuce shi in ban da hassada?

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni na rubuta dubu uku a allo? Masu kamfani suka rubuta. Je ka yi musu rashin kunyar in ka isa. Ni aiki na yi, aka ga aikin, aka yaba. Abin da na rubuto maka kuwa, nufina ka jera faifan ƙarfe a gefen da ya fi kusa da hannunka, ka daina miƙa. In kai ka karanta wani abu daban, kanka ne.

Yatsuna nawa ne, ban ba ka ajiyarsu ba. Sarƙar babur na ce, sarƙar babur ce.

Takarda kuma ba zan rubuta ba. Tukwanen da nake sayarwa daga kamfanin nan suke zuwa, foman ne ya tsaya mini aka sa sunana cikin dillalai. In rubuta abin da zai tona shi, gobe in sayar da me? Kuma mutum ba shi da komai a duniya sai hoto ɗaya a bango, shi ma kana so a sauke. Ku bakwai ɗin ku yi ta kanku.

Kada direba ya sake kawo mini takardarka.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ko ba za a amsa ba. Ina fatan ba ciwo ne ya hana ka rubutu ba. Direba ya ce ya gan ka garau kana ciniki, ya kuma ce kamar ka ba shi wani abu amma ya duba bai gani ba. Na san irin wannan, kunyata yake ji. Mako uku ke nan. Shiru ma magana ce, na ji ta.

Ban rubuto don roƙo ba, labari zan ba ka, tunda kai ne mai shi. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce foman ya nuna mini takarda ta uku a aljihun rigarsa, an riga an buga sunana, kwanan wata kaɗai ya rage. Na dawo gida na tarar uwar yarinya tana amai, ashe ciki ne wata biyu. Na fita bayan gida na yanke tsohuwar tayar keken maƙwabcinmu.

Tun Litinin nake ɗaurewa. Litinin dubu biyu da ɗari tara, Talata dubu uku da hamsin, jiya dubu uku da ɗari ɗaya. Foman ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya yaga takardar. Har ya ce in na dage zan kamo lambarka, a liƙa hotona kusa da naka. Ga shi na zama namiji, sai ka yi murna.

Jiya da la'asar, saura kaɗan a tashi, ƙarfen ya kama bakin safar hannuna ya yanke shi kamar an sa almakashi. Fatar ma bai taɓa ba. Na tsaya ina kallon yatsana ta cikin hudar, sai na ji ana dariya, ashe ni ne. Na canja safa na ci gaba, don saura murfi sittin.

Yanzu awa guda nake yi a benci. Cikin mu bakwai, uku sun janye, sun ce in Guguwa da kansa ya yi shiru su wa. Ni ma ban ga abin da zan gaya wa mai bincike da roba a aljihuna ba.

Ka gaida Inna. Kada ka gaya wa uwata komai, kamar yadda ka iya.

*

Ɗana,

Lafiyarmu ƙalau, ban da lokacin dogon gaisuwa, direba na tsaye a kaina ya kunna mota.

Cire robar nan. Yau, ba gobe ba. Wawa kawai, wanda ya yi difloma don ya auna mutuwarsa da agogo. Safar ta gaya maka, kai ba ka ji ba? Ni ma safa injin ya fara ci, kwana tara kafin ya ci nama.

Ba shiru na yi ba. Na rubuto maka amsa, wannan shashashan direban ya cusa ta ƙarƙashin kujera, yau da ya kawo taka ya zaro ta duk man inji. Na so in yaga ta, sai na fasa. Ga ta nan na haɗa maka, ka karanta ka ga irin kawun da Allah ya ba ka. Zancen jera faifai da ke ciki ƙarya ne. Da na rubuta ka ga yadda maza ke yi, na san abin da za ka gani. Ban ce ka ɗaure ba, ban kuma ce kada ka ɗaure ba, na bar ƙofa a buɗe na kau da kai kamar yadda foman yake yi. Na fi son a ce jinina ya kai dubu uku da a ce ya koma kwali.

Mai shara bai yi ƙarya ba. Na huɗu ne, ranar Asabar, saura kwata a tashi. Manaja ya zo asibiti da kansa ya ce in an rubuta injin ne za a bincika, in an bincika za a ga roba, laifin ya dawo kaina, a kore ni a sauke hoton. In kuwa babur ne, aikina na nan. Na zaɓi babur. Ko Innarka babur ta sani. Shekara goma sha shida ina tsine wa babur ɗin da ban taɓa hawa ba.

Kana zaton kai ka fara zaman benci? Ni bayan masallacin unguwa nake zama, da rediyo a kunne ba batir, don kada a yi mini magana. Tambayi babban ɗana dalilin da har yau ba ya zama in ina ɗaki.

Takarda ta biyu ta mai bincike ce. Na rubuta komai, da shekara, da lambar injin, da sunan robar. A ƙasa na kifa hannuna na dama na zagaye shi da biro, da hagu na yi, shi ya sa layin ya karkace. In sun ce ba su san sa hannuna ba, wannan sun san shi.

Ba don ka iya magana na yi ba, har yanzu marar kunya ne kai, kuma zancen alƙalancin da ka yi mini ban manta ba. Ka ce ciki wata biyu. Jariri da hannu biyu ake ɗaukarsa, ni na sani.

Kawunka, na kakanni ko na me.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Uwar yarinya aman ya tsaya, jikarka lafiya. Takardunka uku sun iso tare. Ta zagin na fara karantawa, na gode, ba ka rage komai ba.

Mai bincike ya zo ranar Talata. Tun da safe aka wanke ƙasa, aka raba sababbin safar hannu, kowa ya mayar da robarsa aljihu. Ni na bar tawa a ɗaure a kan na huɗu, na kashe injin na tsaya. Foman ya yi ta yi mini ido har na ji tausayinsa. Da mutumin ya iso na nuna masa maɓallin, na miƙa masa takardarka. Ya karanta a tsaye, ya kai kan zanen, ya ɗaga kai ya dubi hoton da ke bango, inda ka sa hannun dama a aljihu. A'a, an ɗauki hoton tun kafin ka rasa yatsun, amma haka ya tsaya yana kallo. Sai Baba mai shara ya jingine tsintsiya ya ce, “Ni na wanke injin, ranka ya daɗe.” Daga nan sauran ukun namu suka zaro robarsu suka ajiye a kan tebur, sannan wasu shida da ba sa cikinmu.

An goge dubu uku a allo, an rubuta dubu biyu da ɗari biyar. An sa wa maɓallan murfin ƙarfe yadda roba ba za ta kama ba. Wannan shi ne daɗin labarin.

Ranar Juma'a aka kira ni ofis aka ba ni takardar sallama. Dalilin da suka rubuta shi ne na ɗaure maɓallin kariya, na karya dokar kamfani, kuma na amsa da bakina a gaban baƙo. Ba ƙarya suka yi ba. Foman ko kallona bai yi ba. Ya sa aka sauke hotonka aka jingine shi bayan kwandon shara, ya kuma ce a gaya maka lodin mako mai zuwa shi ne na ƙarshe da za a kai maka. Direba ya ce ya san wani kamfanin da ke neman dillali, ku yi magana, amma ka sa shi ya rubuta a hannunsa, kada ya sa a ƙarƙashin kujera.

Hoton na ɗauko, yana cikin kwalin da ke saman lodinka. Gilashin ya tsage a gefe. Ka rataye ko ka ƙona, naka ne.

Kafin in miƙa takardarka na ɗora hannuna a kan zanen. Girmanmu ɗaya, har faɗin tafin. Yatsuna biyu ne suka kwanta a inda babu layi. Na daɗe ban ɗaga ba.

Kada ka zaci na huce. Mako biyu na yi da hannuna a bakin ƙarfe saboda layi ɗaya da ka rubuta, ga ciki a gida, ga ni ba aiki. Ban san ranar da zan iya kallonka ban tuna ba. Amma jiya jikarka ta sake samun murafe biyu tana bugawa, ta hango ni ta tsaya cak tana jira. Na zauna a ƙasa na karɓi ɗaya, muka yi ta bugawa har uwarta ta kore mu waje.

Direba ya ce in kaya sun iso da haƙori kake jan igiya, don yatsun ba sa riƙewa, kuma ka hana kowa taimaka maka. Zan biyo motarsa ranar Talata in sauke maka lodin ƙarshe. Ka gaya wa Inna zancen babur kafin in iso, don in ta tambaye ni ba zan yi maka ƙarya ba.

Ɗanka, mai yatsu goma.